Nengin Gindin Tudu

Bamgol, farkon Maris, 1988

Zuwa ga ƙanwata Okbun,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da kewa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mijinki mai dogon hanci da 'yarku Mina. Yaya aikin asibiti, yaya sanyin Jamus? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Saƙonki ya iso. Safar ulun ta yi mini daidai. Man shafawar kuwa na buɗe na sansana na rufe, don hannun da ke wuni a cikin ƙasa ba shi da haɗi da ƙamshin Turawa.

Ƙanƙara ta saki ƙasa, nengi, ɗan tsiron dajin nan da muke miya da shi, ya fito. Da kin ga matan ƙauyen nan, kowace ta duƙa a gonar sha'ir da 'yar fartanyarta, ana tono ana gulma. Jiya na yi miyarsa da daddawar wake, farar saiwar nan tasa ta cika ɗaki da ƙamshi, na ci ni kaɗai ina tuna ki. Kin ce a can ma yana fitowa a tsagar daɓen titi, Turawa na tattaka shi suna ce masa ciyawa. Ki daina ganin laifin Turawa. Mutanen gidan nan ma sun ƙoshi, sun fara kiran sa haka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Kin tuna Sangpil, ɗan Babban Yaya, wato ɗan wan marigayi mijina Dusok? Ya yi arziki a Seoul da gine-gine, ya sayi baƙar mota, sai yanzu ya tuna yana da kakanni. Ya ce zai gyara tudun kaburburan dangin Bang don Hansik, ranar ziyarar kabari. Za a kafa sababbin duwatsu, a yanka hanya har gindin tudu, a zuba siminti inda mota za ta riƙa tsayawa. Kafin nan sai an fesa maganin ciyawa a gindin tudun kaf. Okbun, wurin da suka zaɓar wa motar shi ne ƙarƙashin dutsen nan mai kama da turmi. Nan 'yata Ipuni take kwance.

Ke kaɗai a duniya ba sai na yi miki bayani ba, amma zan faɗa, don bakina ya gaji da riƙewa. Kina 'yar shekara goma sha biyu aka aiko ki gidana raino, a bazarar yunwar nan ta bayan yaƙi, shinkafa ta ƙare, sha'ir bai nuna ba. Tana goye a bayanki jikinta ya fara zafi. Da ta cika, Dusok ya naɗe ta a tabarma ya fita da sassafe. Surukata ta tare ƙofa ta ce yaron da ya riga iyayensa tafiya ba a yi masa tudun kabari, ba a kafa masa dutse, ba a ambaton sunansa, uwa ma ba ta sanin inda aka sa shi. Na ce to. Tana shiga madafa na bi sawun takalminsa a cikin laka har inda ƙasa take sabuwa. Har ya mutu bai san na sani ba.

Tun da an hana ta dutse, sai na ba ta abin da take so. Kin tuna yadda take tsinko nengin da ya yi 'ya'ya, ta kaɗa shi a bakin kunnenta, 'yan jakunkunan irin nan suna kacau-kacau, tana dariya? Na tara irinsa na watsa a kanta. Tun daga shekarar duk bazara wurin yakan yi fari fat da 'yan furanninsa, kuma ban taɓa barin fartanya ta taɓa shi ba. Ƙawata 'Yar Bosong har gobe tana yi mini tsiya, tana kira na da sunan garinmu kamar yadda ake yi wa matan aure: "'Yar Naju, ke dai rowa ta yi miki katutu! Nengin da ya fi kowanne kyau a ƙauyen nan, ba ki ci ba, ba ki bari an ci ba, sai ya yi fure saiwarsa ta zama itace. Ko aurar da shi za ki yi?" Nakan ce mata i, kuma ba a gayyace ta ba.

A gidan Babban Yaya maza suka yi taron. Ni na shigar musu da abinci, na ji komai. Na dire faranti na ce, "Gindin tudu ba za a fesa ba." Da kin ga yadda suka dube ni, sai ka ce farantin ne ya yi magana. Sangpil ya yi dariya ya ce, "Inna ƙarama, in don miya ne, zan aiko miki da nama daga Seoul." Na ce, "Riƙe namanka, ɗana. Ba don ciyawar nan ba, da ubanka bai rayu har ya haife ka ba." Babban Yaya bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Matar ƙanena, madafa na jiran ki." Na fita. A madafa matarsa, 'Yar Henam, wadda ba a taɓa jin muryarta ta wuce bakin murhu ba, ta mintsine ni a hannu har ya yi shaida.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba. Amma sun yi ƙarya, ba za su ajiye mota a kan 'yata ba. Ki gaida mijinki, ki ce wa Mina babbar innarta na tambayar ko ta iya cin barkono yanzu.

Taki har kullum,
Yayarki Jomne

*

Bamgol, ƙarshen Maris, 1988

Ƙanwata Okbun,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ina fatan tarin da kika ce Mina na yi ya lafa. Ki dafa mata citta da zuma, ki bar ƙwayoyin nan naku su huta. Ni ma lafiya, sai dai rana ta mayar da ni baƙa ƙirin, za ki ji dalili.

Na karanta amsarki. Kin ce in tara su in gaya musu gaskiya, ai mutane ne, za su tausaya. Haba Okbun, kin daɗe a Turai har kin manta mutanenki. Ranar da suka ji cewa yarinya mace, wadda ba ta yi aure ba, tana kwance a gindin tudun dangi, ranar za su kira mai duba ƙasa. Shi kuma zai aza faifansa mai allura, ya murza gemu, ya ce ita ce ta toshe hanyar da albarkar kakanni ke gangarowa. Saniyar da ta mutu bara, ita ce. Jikan da ya faɗi jarrabawa, ita ce. Su tone ta su watsa a kogi. In na yi shiru su zuba mata siminti, in na yi magana su tone ta. Abin da ya rage mini taurin kai ne kawai, shi kuwa kin san tun a gidan ubanmu ba na rasa shi.

Makon da ya wuce suka turo Cunbe, wanda ke yi wa mutane ƙwadago, da tankin feshi a bayansa. Ya tarar da ni zaune daram a tsakiyar nengin. Ya ce, "Inna, tashi mana, maganin nan ba ya tambayar sunan mutum." Na zare ɗankwali na ce, "Fesa, Cunbe. Fara da kaina, furfurar nan ma ciyawa ce." Ya yi ta sosa ƙeya, ya ce, "Ni fa aiko ni aka yi." Na ce, "Na sani. Zauna ka jiƙa maƙoshi tukuna." Da ma na zo da butar giyar shinkafa, don na san halin mutumina. Kafin rana ta karkata yana waƙa yana kuka yana tuna uwarsa, ya koma gida da tankinsa cike kamar yadda ya zo da shi. Washegari aka sake turo shi, ya hango ni daga nesa ya ɗaga mini hannu ya juya.

Tun ranar a can nake wuni. 'Yar Bosong na kawo mini shinkafa a ƙunshi, ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu ta ce, "Ƙauye kaf an ce kin taɓu. Na ce musu a'a, da ma haka kike." Ba ta san dalili ba, ba ta kuma fasa zuwa ba. Nengin ya fara fure. Ƙanana ne, sai mutum ya duƙa zai ga ganyen furen guda huɗu, amma sun yi yawa bana.

Sai ga ɗana Yongte daga Incheon, ba sanarwa. Kin san Sangpil ne ya samo masa aiki a masana'anta, to an kira shi a waya an ce ya zo ya ɗauke uwarsa daga daji. Ya durƙusa a gabana ya ce, "Inna, don girman kakanni, a kan ciyawa? Kin san da idon da Yaya Sangpil ke kallona yanzu?" Okbun, yaron nan bai san ya taɓa samun yaya ba. Gwiwarsa na kan makwancinta yana roƙo na in tashi. Maganar ta zo mini har baki na haɗiye. Na ce masa ya janye ƙafarsa, yana tattaka mini furanni. Ya tafi yana fushi, ni kuma na yi kukan da na daɗe ban yi irinsa ba.

Jiya Babban Yaya ya zo da kansa, da sandarsa da farar rigarsa. Bai tako cikin nengin ba, daga bakin hanya ya tsaya. Ya ce, "Matar ƙanena, an fasa feshi. Washegarin Hansik motar tura ƙasa za ta zo, ita ba ta shan giya." Ya nuna saman tudu da sanda ya ce, "Filin kabarin da ke gefen Dusok naki ne, kin sani. In Hansik ta zo kina nan zaune kina ba mu kunya, to ba naki ba ne." Na ce, "Babban Yaya, ka hau lafiya, hanyar da santsi." Bakina ne kawai ya yi ƙarfin hali. Ya juya ya yi tafiyarsa.

Ina jin tsoro, ƙanwata. Shekara nawa na yi ina wanke wa gidan nan kwano, ina dafa abincin matattunsu, don wata rana in kwanta kusa da mijina kamar kowace mace. Yanzu an ce in zaɓa. Ban san abin da zan yi wa motar tura ƙasa ba, amma na san ba zan tashi don an daka mini tsawa ba.

Ki kula da kanki, kada ki aiko mini da komai, ba na bukata. Ki gaida mutanen gidanki.

Yayarki mai ƙaunarki,
Jomne

*

Bamgol, tsakiyar Afrilu, 1988

Okbun ƙanwata,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mijinki da Mina, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni garau nake, har na fi da cin abinci. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta.

Ana gobe Hansik na yi tunani na ga shiru ya gama amfaninsa. Zan iya tsare Cunbe, ba zan iya tsare ƙarfe ba, kuma ba zan rayu har abada ina gadi ba. Na ce in dai tone ta za su yi, to su yi ina kallon ƙwayar idonsu.

Da safe dangi suka hallara, na Seoul da na Gwangju, motoci har bakin gada. Maza a gaba, mu mata a baya da kayan abinci a ka. Har da mai duba ƙasa da Sangpil ya ɗauko don ya nuna inda za a kafa duwatsu. Da aka zo gindin tudu kowa ya kama hanyar sama, ni na ratse. Na sauke ɗan teburina a tsakiyar furannin, na ajiye ƙaramin kwano na farar shinkafa da ƙaramin cokali. Kin san ba ta taɓa cin farar shinkafa ta ƙoshi ba. Na ɗaga murya yadda na can gaba zai ji na ce, "Ipuni! Ga Inna ta zo. Tashi ki ci. Ga baffanninki nan za su wuce, ga ƙanenki Yongte, ba ki san shi ba, bayanki aka haife shi."

Shekara talatin da ɗoriya rabon da sunan nan ya fita daga bakina da ƙarfi. Na ɗauka muryata za ta karye, sai ta fito tar. Layi ya tsaya cak. Na juya na ce musu, "'Yata ce a nan, 'yar Dusok, jininku. Wanda zai tone ta ya zo yanzu da rana tsaka, a gaban uwarta. Kada a sake yi mini irin na sassafe."

Babban Yaya ya gangaro yana buga sanda, fuskarsa ja wur. Ya ce, "Babu kowa a nan! Tudun nan ba shi da mamaci sai mai tudu a kansa. Kin ba wa yarinya abinci kafin kakanni su ci? A gidan wa aka koya miki?" Mai duba ƙasa ya matso ya fara gyaran murya, ya ce da ma tun da ya iso ya ji wurin nan da nauyi. Na ce, "Malam, ɗazu kai ka ce nan ya fi dacewa da mota." Wasu samari suka ƙyalƙyale a baya, amma ni na san an gama, za su tone ta. Na ga manyan suna haɗa kai suna ƙus-ƙus.

Sai na ga 'Yar Henam ta sauke kayan kanta a tsakiyar hanya. Ta ɓallo ɗan wainar shinkafa daga abincin kakanni, ta tako cikin nengin da ƙafafun nan nata masu ciwo, ta wuce ni kaɗan zuwa ɗaya gefen dutsen, ta durƙusa ta ajiye. Babban Yaya ya ce, "Ke kuma me kike yi?" Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ni ma na bi sawunka, tsoho."

Okbun, ni na manta shaf. Kafin a kawo ni gidan nan ta yi ɗa namiji, wan Sangpil, ƙyanda ta ɗauke shi. Ashe yana nan, 'yan taku kaɗan daga Ipuni, nengina ya bazu ya rufe shi tuntuni. Ashe duk shekarun nan ta san abin da nake tsarewa, kuma mintsinin da ta yi mini a madafa na tsoro ne, ba na fushi ba. Babban Yaya ya sauke sandarsa. Shi ya ɗauko yaron da hannunsa, ya san ba ƙarya take yi ba. Mai duba ƙasa ya mayar da faifansa jaka ba wanda ya ce masa ya mayar. Wa zai ce ɗan babban gida ne ya toshe albarka?

Sangpil ya daɗe yana kallon uwarsa a durƙushe. Can ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Mota ta tsaya a bakin gada ma ya isa. Tafiyar ba nisa." Yongte kuwa ya zo ya tsaya gaban ɗan teburin, ya cire takalmi, ya rusuna har ƙasa sau biyu, irin na matattu. Ya ce, "Yaya, yi haƙuri, na taka ki rannan." Nan ne na kasa riƙe kaina. Washegari motar tura ƙasa ta zo ta juya.

To amma kin san namiji in ya sha kunya a gaban jama'a sai ya nemi inda zai sauke ta. Matarsa ba ya iya taɓa ta, uwar mai kuɗin dangi ce. Da yamma manya suka zauna suka kira ni. Babban Yaya ya ce na ambaci sunan da ba a ambata, na gabatar da yarinya a kan kakanni, na tona asirin gida a gaban baƙi. Maganarsa tana nan, filin da ke gefen Dusok ya fita daga hannuna. Na ce, "To in na mutu ina za ku kai ni?" Ya ce, "Wannan matsalar ɗanki ce. Gindin tudun da kike so ai ba na kowa ba ne, na karnuka ne da ciyawa." Na ce, "Kowa ya ji? Bakin babba ne ya faɗa, ba na kowa ba ne. Na karɓa, na gode." Na rusuna masa na fito.

Yongte ya biyo ni yana hawaye, wai zai je ya durƙusa musu har su janye. Na hana shi. Ba zan ce miki bai yi mini ciwo ba. Da safe na hau na zauna wajen Dusok na gaya masa komai, na taɓa filin nan na gefensa da na daɗe ina cire wa ciyawa, na yi masa sallama. Na so mutumin nan, kin sani.

Ga abin da nake roƙon ki, shi ya sa na ce ki zauna. Kin fi ni ƙuruciya, ke za ki ga ranar. Yongte zuciyarsa taushi gare ta. In na mutu za su huce, su ce an yafe mini, su lallaɓa shi a hau da ni sama da girmamawa. Ki hau jirgi ki zo, ki tsaya a bakin hanya ki ce Yayata ta ce a'a. A sa ni a gindin tudu, ƙarƙashin dutsen, a baje ƙasar, ba tudu ba dutse. Dusok yana da uwarsa da ubansa da kakanninsa a can sama, ba zai rasa abokin hira ba. A ƙasa kuwa yara biyu ne kwance duk tsawon shekarun nan, babu babba ko ɗaya tare da su.

Ki rubuto mini ki ce kin yi alkawari. Ki gaida mijinki, ki sumbaci Mina a madadina. Ki huta lafiya, ƙanwata.

Ni ce yayarki,
Jomne, uwar Ipuni